Sardin Arba'in a Faranti Ɗaya

Aikin ganin ido shi ne laifin da zan ba da labarinsa: mutum ya tashi yi wa wani alheri, amma hankalinsa duk yana kan 'yan kallo, wanda ake yi dominsa kuwa ko oho. Ɗan yayana ne ya aikata shi, Norihiko, kuma ba zan sassauta masa don jinina ne ba.

Ni sunana Shizue. Shekarata saba'in da shida, hamsin daga ciki a tsaye na yi su a rumfar gyaran kifi ta bakin tashar jiragen ruwa ta Choshi. Karatuna bai wuce wanda aka tilasta mini ba, amma sardin na san shi kamar yunwar cikina.

Yayana Heizo shi kuma a teku ya tsufa. Tun yana ɗan sha biyar yake jan taru, sai da ya haura saba'in ya sauka. Matarsa Tamae ta riga shi tafiya da jimawa. Wani hunturu ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo masa da ɗan nauyi, hannun ne bai dawo ba. Shekara ɗaya da rabi ina jinyarsa, har gwiwoyina suka gaza. Ranar da na kasa ɗago shi daga wurin wanka, muka zauna a ƙasa mu biyu muna kallon juna sai da maƙwabci ya shigo, ranar na san an zo ƙarshe. Norihiko, ɗansa tilo, yana can Tokyo yana aikin ofis, sau biyu a shekara muke ganinsa. Shi ya samo wa uban gurbi a wani gidan kula da tsofaffi can cikin duwatsu, inda iskar teku ba ta kaiwa. Aka tsayar da rana: Asabar, ƙarfe biyu na rana, motarsu za ta zo ɗaukarsa.

Mun karanta takardar gidan. Ba a ba kowa ɗanyen kifi a can. Komai a dafe yake luguf, a cokali.

Heizo bai yi gardama ba. Ana saura kwana uku ya kira ni.

"Shizue, damina ta kankama ko?"

"Kana jin ruwa a kan rufi, kake tambayata."

"To sardin ya yi kitse ke nan. Ranar Asabar ina son naɗin hannu. Irin na Tamae."

"Nawa za ka ci, Yaya?"

"Uku. In kin yi rowa, biyu."

Na san abin da ya sa. Tun da hannun nan ya mutu bai sake riƙe tsinkayen cin abinci ba. Komai sai an ba shi a baki, ko ya yi ta kokawa da cokali da hagu yana ɓata riga. Naɗin hannu, wato shinkafa da ɗanyen kifi a naɗe cikin busasshen ganyen teku da ake kira nori, shi kaɗai ne abincin da zai karɓa da hagunsa ya kai baki kamar kowane magidanci, ba mai tsaye a kansa da tsumma. Ba ƙoshi yake nema ba. So yake ya ci abinci sau ɗaya da mutuncinsa a cikin gidansa kafin a fitar da shi.

Norihiko ya iso ranar Juma'a da jakunkuna uku. A ciki har da wani faffaɗan faranti mai ruwan zinariya a baki. Ashe ya gayyaci dangi mutum goma sha huɗu, wasu tun jana'izar Tamae ban sa su a ido ba.

"Gwaggo, gobe ki huta," ya ce. "Ni zan yi wa Baba abincin nan da hannuna."

"Ka taɓa buɗe sardin?"

"Na kalla a waya, ba wani abu ba ne. Kuma nawa mai lafiya zan yi. Ba gishiri, ba sukari, shinkafa da dusarta. Likita ya ce gishiri ne ya kwantar da shi."

"Gishirin sardin ba ci ake yi ba, ɗan nan. Ruwan ƙarni yake tsotsewa, sai a ɗauraye shi da ruwan tsami ya tafi. Abin da ke saura bai kai na hawayen mutum ba."

"Haka kuke cewa kullum. Shi ya sa rabin tsofaffin garin nan hawan jini ke gare su."

"Ɗaya rabin fa? Likita uku suka binne."

Ya yi mini murmushin nan na mutanen ofis, wanda suke yi wa tsoho idan sun gama yanke shawara tun kafin ya buɗe baki. Shekararsa hamsin da biyu. Ba a dukan mai furfura, sai na ƙyale shi.

Da safiyar Asabar, gari ya waye da yayyafi da zafi mai manne riga a jiki, muka tafi tasha tare. Kikue mai sayar da kifi, wadda muka yi shekara talatin kafaɗa da kafaɗa a rumfa ɗaya, ta hango mu tun daga nesa.

"Wa nake gani haka? Ɗan Heizo da takalmin birni. Taka a hankali, kada ƙarni ya kama maka su a kore ka daga ofis."

"Ina kwana, Inna Kikue. Sardin arba'in nake so, manya."

"Arba'in. Kai da wa za ku gyara?"

"Ni kaɗai."

Kikue ta dube ni, na dubi ƙasa.

"Ɗana, sardin ba ya jiran mutum," ta ce. "Ka ɗauki goma ka gama da su tun suna da sanyi. Ko gwaggonka da take da yatsu kamar na aljanu ba ta baza arba'in a damina."

"Baƙi gare mu, Inna."

"Baƙin ba su da shinkafa a gidajensu ne?"

Ta zuba masa arba'in ɗin cikin ƙanƙara tana girgiza kai. Kifi ne na gani na faɗa, bayansu shuɗi, cikinsu fari tas, idonsu garau kamar ba su san sun mutu ba. Da ya juya baya na ce ta ba ni shida. Ta zaɓo mini da kanta, ba ta tambaye ni dalili ba.

Na wuce gidana na yi su yadda ake yi. Wuƙa ba ta taɓa sardin. Da yatsa ake karya kan, a zaro hanjin, a tsoma shi a ruwan ƙanƙara mai gishiri. A sa babban yatsa a bi ƙashin baya daga sama har wutsiya, sai ya buɗe kamar littafi, a ɗago ƙashin da 'yan ƙananan ƙayoyinsa gaba ɗaya. Wuƙa yanke su take yi ta bar su cikin tsoka. Na barbaɗa gishiri, na jira ruwan ya tsatso, na ɗauraye da ruwan tsamin shinkafa, na saɓule fatar, azurfar ta zauna a jikin naman. Na gurza ɗanyar citta, na yanka lawashi siri-siri. Na dafa farar shinkafa 'yar kaɗan. Na rufe kifin a kwanona shuɗi, na ɗauki shinkafar na tafi.

Ƙarfe goma ba ta cika ba da na shiga kicin ɗin Heizo. Abin da na tarar har yau in na rufe ido ina ganinsa.

Kifi arba'in a baje a kan tebur, ƙanƙarar ta narke ta gangara ƙasa. Ya bi su da wuƙa ya dagargaza, sannan ya wanke su a ƙarƙashin famfo da ruwan da ba sanyi. Shinkafarsa tana cikin tukunyar ƙarfe tana tururi. Faffaɗan akushin katakon Tamae, wanda ta shekara arba'in tana fifita shinkafa a cikinsa, yana can bisa kanta ko sauke shi bai yi ba. Wai katako yana riƙe ƙwayoyin cuta. Ganyen nori kuwa ya fito da shi duka daga gwangwani ya shimfiɗa a cikin wannan raɓa ta damina. Yana tsaye da hannuwa a jiƙe yana naɗawa, yana jerawa a farantin nan mai ruwan zinariya.

"Me kake yi haka?"

"Naɗewa, Gwaggo. So nake kafin baƙi su zo komai ya kammala, in jera su kamar fure."

"Sha biyu fa za a ci."

"Zan rufe da leda."

"Norihiko, dube ni nan. A gidan nan ka tashi. Ka taɓa ganin uwarka ta ɗora naɗin hannu a faranti? Ta gasa nori a bakin wuta, ta sa shinkafa mai ɗumin jiki, ta ɗora kifi mai sanyi, ta murɗa, daga hannunta sai hannun ubanka. Kafin ya ja numfashi uku ya cinye. In ya tsaya surutu ta ƙwace ta ba ka. Ka manta?"

"Wancan mu uku ne. Yau mutum goma sha huɗu ne. In tsaya ina naɗa ɗai-ɗai kamar mai rumfar bakin hanya? Hoto kuma fa?"

"Don goma sha huɗu ake yi, ko don mutum ɗaya?"

Ya gyara zaman wani naɗi da ya karkace.

Na miƙa masa kwanona. "Ga shida na gyara, na ubanka ne. Sa mini a firji. Ka mayar mini da nori uku cikin gwangwani ka rufe da kyau. Naka na baƙi ne, ban hana ka ba."

Ya karɓa da hannu biyu, ya rusuna, ya yi godiya mai kyau. Nan na yi nawa kuskuren: na yarda da rusunawa. Na bar shi na tafi shirya Heizo.

Ina yi masa aski sai ga Isamu, abokin jirginsa na shekara talatin, ya shigo yana dogara sanda.

"Kai tsoho, angwanci za ka ko gidan tsofaffi? Irin wannan gyara haka."

"An ce akwai zawarawa a can," in ji Heizo. "Kai ma an yi maka kamu, ƙafa kawai ake jira ta ƙarasa."

"Ni teku ce za ta ci ni, ba cokali ba."

"Tekun ma ta ɗanɗana ta tofar."

Suka yi dariya, ta Heizo da ɓari ɗaya. Na sa masa baƙar rigarsa ta biki, wadda ya ɗaura aure da ita. Ina ɗaure masa ɗamara ya rage murya.

"Yaron yana ƙoƙari ko?"

"Yana ƙoƙari."

"Akushin uwarsa nasa ne. In an gama ci zan ba shi a gaban mutane. Ban bar masa jirgi ba, ko wannan ya tafi da shi."

Baƙi suka cika ɗaki. Aka zaunar da Heizo a kujerarsa kusa da hoton Tamae, aka kunna mata turare. Sha biyu daidai Norihiko ya shigo da faranti a hannu biyu, ya yaye ledar. Gaskiya a ido ya yi kyau, kamar babban fure mai baƙin ganye. Mata suka tafa. Wayoyi suka fito. Wata 'yar'uwa daga Chiba ta ce ba kowane ɗa ne zai bar aikinsa ya shiga kicin saboda ubansa ba. Na ga yadda wuyan Norihiko ya miƙe. Abin da ya taso daga Tokyo nema ke nan, ya kuwa samu.

Sai ya tsaya jawabi. Ya yi maganar wahalar da uban ya sha a teku, ya yi maganar amfanin man sardin ga jijiyoyin jini, ya yi maganar sharrin gishiri. Wani kawu ya karɓa ya ɗora nasa. Aka zuba giyar shinkafa aka ɗaga ƙoƙuna. Ɗaya saura kwata ta yi, faranti yana zaune a tsakiyar ɗaki cikin zafi. Na ga Isamu ya ja hanci sau biyu, ya dube ni. Duk wanda ya yi aikin tasha a ɗakin nan ya ji abin da muka ji.

Na yunƙura zan tafi kicin in haɗo na Heizo, sai Norihiko ya riga ni. Ya miƙa wa wani ɗan'uwa wayarsa.

"Ka ɗauka daidai lokacin da nake miƙa masa."

Ya zaɓi na tsakiya, ya durƙusa, ya miƙa. Heizo ya karɓa da hagu. Tun daga taɓawa ya sani, abin ya lanƙwashe a hannunsa kamar jiƙaƙƙiyar safa. Ya dube ni. Na girgiza masa kai. Amma ɗansa ne a durƙushe a gabansa, ga mutane, ga waya. Ya kai baki.

Nori in ya sha raɓa ba ya karyewa, fata yake komawa. Haƙoran Heizo kuwa na roba ne da likita ya sa masa. Ya ciza, bai yanku ba. Ya ja, bai yanku ba. Ya ƙara ja da ƙarfinsa na mai jan taru, sai haƙoran sama suka biyo nori suka fito, shinkafa da dagargajajjen kifi suka zube a kan baƙar rigar, wasu suka gangara ta ɓarin bakin da ba ya rufuwa.

Norihiko ya zaro tsumma ya kai bakin uban zai goge masa, a gaban mutum goma sha huɗu, abin nan dai da tsohon ya roƙi a ɗauke masa na yini ɗaya. Heizo ya ture hannun.

"Kai mai waya," in ji Isamu a hankali, "sauke ta, ko in sauke maka da sandar nan."

Na shiga kicin na buɗe firji. Ba kwano. Na waiga. Ga shi can a wurin shanya kwanuka, shuɗin kwanona, a wanke, a kife. Gwangwanin nori a buɗe, ba ko ɗaya a ciki. Ta tagar baya na hango maguna biyu na maƙwabta a kwance bakin rariya suna lasar hannu.

Norihiko ya biyo ni, fuskarsa ba jini.

"Ina kifina?"

"Gwaggo, na ɗanɗana, na ji gishiri. Ba zan iya bari a ba shi ba, likita ya..."

"Bar likita ya huta. Tsoro ka ji kada nawa ya zauna kusa da naka a gane bambanci."



Isamu ya kira Kikue a waya. Tun ƙarfe goma motocin birni suka kwashe saura, ko ƙwara ɗaya babu, jirage kuwa sai Litinin. Ɗaya da rabi ta gota. Farar shinkafata kaɗai ta rage. Na dunƙula masa ita a hannu yadda zai iya riƙewa, na kai masa. An canza masa riga, an mayar masa da haƙora. Yana zaune yana kallon hoton Tamae.

"Yaya, ga wannan. Ka riƙe da kanka."

"Bar shi, Shizue. Zuba a kwano, ki kawo cokali. Gara in fara sabawa."

Cokali uku na ba shi a baki, ya ce ya ƙoshi.

Baƙi suka fara tuna suna da uzuri. Waɗanda suka ɗauki naɗin don kara suka ajiye a gefen faranti, suka rufe da takarda. Biyu daidai mota ta tsaya a ƙofa, ma'aikata biyu suka tura kujerarsa. A bakin ƙofa ya ɗaga hagu, suka tsaya.

"Shizue, akushin Tamae ki kai wa Kikue. 'Yarta tana da hannu."

Norihiko ya zube a gabansa. "Baba, don lafiyarka na yi."

Heizo ya daɗe yana dubansa. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da sauƙi.

"Hoton ya yi kyau?" ya ce.

Aka ɗaga shi aka sa a mota.

Bai ga wata damina ba. A watan da furen itacen ceri ke zuba aka kira mu cewa ya rasu. Cikin watannin nan Norihiko ya yi ta zuwa gidan tsofaffin, fiye da zuwan da ya yi Choshi a shekara goma, ba zan hana shi wannan ba. Yakan tambaya, "Baba, me kake so in kawo maka?" Uban yakan ce, "Ba komai, na gode da wahala," da ladabin da ake yi wa baƙo. In ƙishi ya kama shi, ma'aikaciya yake jira ta wuce. Sau ɗaya Norihiko ya zo gidana ya ce in koya masa buɗe sardin da yatsa. Na koya masa, ban hana shi ba. Ya iya kuwa, hannun uwarsa gare shi, cikin yini ɗaya ya kama. Sai dai ba wanda zai naɗa wa.

To ga abin da ya rasa, a ƙirge. Sardin arba'in mafi kitse na daminar nan, sun tafi kwandon shara, ko magunan ba su kula su ba, don sun riga sun ƙoshi da shidana. Akushin uwarsa yana gidan Kikue, 'yarta ce ke fifita shinkafa a ciki. Sunansa a tasha ya ɓace, har yara Mai Faranti suke ce masa. Ubansa ya rayu wata tara bayan ranar, bai sake roƙonsa ko ruwan sha ba. Abin da ya rage masa hoto ɗaya ne a waya, na daidai lokacin da yake miƙawa. Ya kasa kallonsa, ya kasa goge shi.